Dokar Gidan Gem

Mujallar ta faɗo a gaban Rahmat, daidai gindin turmin da take kirɓa attaruhu.

"Ɗauki ki buɗe tsakiya," in ji Kamal.

Ba ta ɗauka ba. Tun kafin ta taɓa ta san irin wannan takarda. Tsohuwar mujallar gem ce, wato wasan da ake yi a talabijin, irin wadda ake tsinta a dilar littattafan gwanjo, bangon ya koɗe, gara ta ci gefe. Irinsu ne Baba ya tara a tsakar gidan nan ya zuba wa kananzir, shekara goma sha shida da suka wuce, kwana uku bayan rasuwar yayanta Muntaka.

"Yaya Kamal, ina ka samo wannan?"

"Abeg, bar tambaya. Buɗe kawai."

Kamal ɗan ƙanin Baba ne. Sau biyu yana turo maganar aure, sau biyu tana cewa a yi haƙuri. Tun ranar bai sake yi mata murmushi ba sai yau, kuma murmushin yau bai yi kama da na alheri ba.

Ta goge hannu a zani, ta buɗe.

A gefen shafin, kusa da hoton wasu 'yan dambe biyu, an yi rubutu da jan biro: "Yau Muntaka ya yi ashirin a jere. Shaida: Mahir M. Sani, Ɗan Adogi." A ƙasa kuma ga kwanan wata.

Ranar da Muntaka ya rasu ce.

Taɓarya ta suɓuce daga hannunta.

"Ƙarya ne..."

"Ƙarya? Ke da kike zaman shagonsa ba ki san rubutunsa ba?"

Ta san shi. Da irin wannan rubutun mai kwanciya yake sa suna a bayan wayoyin da ake kawo masa gyara.

To, 'yan mata, sai kun san nauyin sunan Ɗan Adogi a gidan mahaifinta Alhaji Ɗanmusa kafin ku gane abin da ya sa taɓaryar ta suɓuce mata. Baba falken gishiri ne, a Keana yake saro shi. Ranar nan hadarin farko ya fara haɗuwa, ga gishirinsa can a fili, sai ya aiki Muntaka da tampol a babur tun da hantsi. Yadda Baba ya ba da labarin, wani yaro ne da ake kira Ɗan Adogi ya ja shi gidan gem ya riƙe shi har la'asar. Muntaka ya tashi a gurguje cikin ruwa da iska, babur ya zame da shi a wata kwalbati bayan Obi. Ba wanda ya san sunan yaron na gaskiya. Amma Baba ya rantse a gaban jama'a cewa ko a lahira suka haɗu ba zai yafe masa ba.

Ga shi jibi Asabar manyan Mahir za su zo sa ranar aurensa da ita.

Kamal ya tsugunna, ya zare mujallar daga hannunta a hankali.

"Har Makurdi na je wajen Terseer, mai gidan gem ɗin. Tsoho bai san me nake nema ba, ya buɗe min kwalin tarkacensa yana murna." Ya naɗe ta ya sa a aljihun kaftani. "Ni ba na son tonon asiri. Ki sallame shi da bakinki kafin Asabar. In ba haka ba, a gaban manyansa zan shimfiɗa wa Baba ita."

"Yaya Kamal, ka ji tsoron Allah..."

"Shi ne bai ji ba. Ya kashe wa, ya dawo zai auri ƙanwa!"

Ya fice, ya bar ta da attaruhu yana cin idonta.

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ƙarƙashin gado, bayan tsofaffin kwanukan Inna, ta jawo wani kwali. A ciki akwai baƙin injin gem, da fad guda biyu da ake riƙewa ana danna wasan, da kaset ɗaya wanda takardarsa ta ɓare. Terseer ne ya kawo su ranar sadakar bakwai, ya miƙa wa Inna Sabuwa ta ƙofar baya, ya ce sunan ɗanta ne a sama, bai ga amfanin wani ya sake taɓawa ba. Inna ta ɓoye, sai da Rahmat ta yi wayo ta ba ta.

Ta jona da ƙaramar talabijin. Waƙar nan mai ƙara kamar ta ƙwaro ta tashi, wadda take ji tana 'yar shekara tara, Muntaka ya goyo ta a kafaɗa yana nuna mata yadda ake hura kaset kafin a sa. Sunayen gwanaye suka fito, kowa da harafi uku.

Na farko MTK.

Na biyu ADG.

Shekara nawa tana kallon layin nan na biyu, ba ta taɓa tsayawa a kansa ba?

Kuma kaset ɗin nan ne ma ya haɗa ta da Mahir. Bara sunayen suka fara rawa, ta zaga masu gyara a kasuwa, kowa ya yi mata dariya, wani ya ce ta kai wa 'yan gwangwan. Shi kaɗai ne ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce akwai ɗan batiri a ciki kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da sunayen. In ya mutu, ko aka cire shi inji yana kashe, duk sun tafi. Sai ya kunna injin a kan inbatarsa mai ajiye wuta, ya canza batirin wuta na ciki, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Da ya gama sunayen suna nan daram, ya juya baya ya daɗe yana neman wani abu a durowa.

A lokacin ta ɗauka tausayinta ne.

Ba ta jira gobe ba. Ta yafa gyale, ta tare mai keke.

Mahir na ganinta ya ajiye ƙarfen sodar da yake liƙe waya da shi, fuskarsa ta washe.

"Rahamata! Amarya da kanta da rana tsaka? Ko kin kasa jiran Asabar ɗin ne?"

"Wane ne ADG?"

Murmushin ya tafi. Ya miƙe, ya sauke labulen shagon, ya jawo mata kujera. Ba ta zauna ba.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ashe kuwa gaskiya ne. Innalillahi..."

"Rahmat, saurare ni..."

"Shekara guda, Mahir! Shekara guda ina zaune a kujerar nan ina ba ka labarin yayana, ina kuka kana miƙo min hankici! Ashe ka fi ni saninsa!"

"Na so in faɗa. Wallahi kullum da maganar nake fitowa daga gida."

"Ka yi da ita yaya?"

"In na gan ki sai ta maƙale."

Ya zauna a kan benci, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Daga Adogi na zo karatu, ina zaune gidan wani kawuna da ba ya ma tuna ina nan. Yaran gari suna min dariya don Hausata ta karkace. Muntaka ne ya fara ce min zo ka zauna. Shi ya koya min turanci da mujallun nan, mu kwanta rub da ciki a barandar Terseer muna kwafar sirrin wasa a bayan littafin lissafi. In ya sayi alale ya raba biyu. Ban taɓa samun ɗan'uwa irinsa ba."

"Shi ne ka saka masa da riƙe shi."

"Kin san dokar gidan gem?"

Ta girgiza kai.

"Wanda aka cinye shi ke miƙa fad. Wanda ya ci ba ya tashi. In ka tashi kana kan ci, an ce ka gudu, har abada da sunan za a kira ka. Kuma duk wanda ya ci ashirin a jere, Terseer zai rubuta sunansa a bango da fenti. Ba wanda ya taɓa yi. Ranar Muntaka ya shigo da tampol ɗaure a babur, ya ce hannu ɗaya zai yi ya wuce. Sai ya ci. Ya sake ci. Ya yi ta ci..."

"Sai me?"

"Ni kaɗai nake iya cinye shi a gidan. Kowa ya sani. Sau huɗu layi yana zuwa kaina." Ya dubi hannuwansa. "Sau huɗu ina sakar masa. Ina ganin yadda idonsa ke ƙyalli, na ce bari in yi masa wannan, ko sau ɗaya ni ma in ba shi wani abu. Da na cinye shi a na farko, da ya miƙa fad ya tashi tun rana na sama. Da ya isa Keana a bushe."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Ban ja shi ba, Rahmat. Amma ni na hana shi tashi."

Ta jingina da kantar shagon. Ta zo da niyyar tsanarsa, ta nemi tsanar ta rasa. Wannan ya fi komai ba ta tsoro.

"Ranar da na kawo kaset ɗin... da ka bar batirin ya mutu, da sunanka ya tafi. Ba wanda zai zarge ka."

"Da nasa ya tafi tare da nawa."

Iska ta kaɗa labulen. A waje gari ya fara duhu ta gabas, 'yan kasuwa na kiran juna a kwashe kaya.

Ta gaya masa abin da Kamal ya ce.

"Mu ce a ɗaga ranar," in ji ta. "Ko in roƙe shi, ko in sace mujallar..."

"A'a. Gobe bayan Juma'a zan zo wajen Baba da ƙafata."

"Ka haukace? Ya rantse fa, Mahir! Zai raba mu!"

"Na sani, zuciyata. Amma ba zan karɓe ki a hannunsa yana ɗauka ni wani ne daban ba. Na yi kuskure da na bari ta kai haka."

Ta tsura masa ido.

"Akwai sauran abin da ba ka faɗa min ba?"

Ya kau da kai wajen wayoyin da ke jere.

"Abin da yake nawa na faɗa miki duka."

Maganar ta tsaya mata a rai har gida.

Washegari da aka sauko daga masallaci, Baba na zaune a barandar tsakar gida yana cin tuwo, Inna Sabuwa na tsince shinkafa a bakin kicin. Kamal ma yana nan, kamar ya ji a jikinsa. Rahmat ta laɓe a bayan labulen ɗakinta, ta danne ƙirji da hannu.

Aka yi sallama.

Mahir ya cire takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa nesa da tabarma.

"A'a, Mahiru? Ai gobe muke sa ran manyanka. Matso ka sa hannu."

"Na ƙoshi, Baba. Magana na zo da ita."

Kamal ya ga za a riga shi. Ya yi wuf ya zaro mujallar ya shimfiɗa a gaban Baba.

"Bari in taƙaita masa, Baba. Ga Ɗan Adogin da kake nema. Ga rubutunsa, ga ranar!"

Baba bai kalli takardar ba. Mahir yake kallo. Lomar da ke hannunsa ta koma cikin kwano. Rahmat ta jira tsawa, ta jira ya rarumi sanda. Abin da ta gani a fuskar mahaifinta sai ya sa tsikar jikinta ta tashi.

Tsoro ne, ba fushi ba.

"Kai ne?" in ji Baba. "Kai ne mai jar riga... a gefen taga?"

"Ni ne, Baba."

Mai jar riga? Rahmat ta dafe bango. Yaya aka yi Baba ya san rigar da yaron ya sa, shi da ya ce bai taɓa ganinsa ba?

Mahir ya faɗi labarin kamar yadda ya faɗa mata. Bai rage ba, bai nemi sauƙi ba. Da ya kai inda Muntaka ya cika ashirin, yara suka ɗaga shi sama suna ihu, sai ya tsaya.

"Daga nan ya hau babur ya tafi. Laifina ne, Baba. Ka yafe min in za ka iya. In ba za ka iya ba, ban ga laifinka ba."

"Shi ke nan abin da ka gani?"

"Shi ke nan abin da zan faɗa."

"Ka ji ko, Baba!" Kamal ya miƙe yana nuna shi. "Da bakinsa! Ka kore shi, ka cika rantsuwarka!"

Baba ya buɗe baki. Rahmat ta rufe ido. Kalma ɗaya ce ta rage, ta san in ta fita ba ta dawowa.

"Alhaji."

Inna ce. Ba ta ɗago daga faifanta ba.

"Yaron nan ya sauke nasa kayan. Ina jira in ji ko da mai sauran."

Har kajin da ke tona a gindin rijiya kamar sun tsaya.

Baba ya dubi matarsa, ya daɗe. Sai ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Rahmat ba ta taɓa ganin kansa ba hula a gaban baƙo ba.

"Na je gidan," ya ce.

"Baba, me kake..."

"Rufe min baki, Kamalu!" Ya ja numfashi. "Bayan la'asar aka ce min an ga babur ɗina a ƙofar gidan wasa. Na je. Na tarar an ɗaga shi sama ana ihu. Na mare shi a gaban yaran. Ya fito ya dubi sama, hadari ya riga ya haɗu baƙi ƙirin. Ya ce, Baba, na yi laifi, amma ka bari sai da asuba, hanyar nan ba ta biyuwa in ana ruwa." Ya murza hular da ke gwiwarsa. "Na ce in bai hau babur ɗin nan yanzu ba, kada ya sake kirana ubansa."

Rahmat ta toshe baki da gyale.

"Ya hau. Har ya juyo ya ce min sai ya dawo." Baba ya sunkuyar da kai. "Gishiri, Sabuwa. Saboda gishiri. Da aka kawo shi na kasa kallonki, sai na nemi wanda zan ɗora wa. Na tuna wani yaro da na ji suna kira Ɗan Adogi, ba shi da kowa a garin nan..."

Ya juya ga Mahir.

"Kana tsaye a wurin. Ka ji komai. Me ya hana ka faɗa yanzu, ka wanke kanka?"

"Mahaifin Rahmat ne kai, Baba. Kuma mahaifin Muntaka. Ba zai so in tozarta ka ba."

A nan dattijon ya fashe da kuka, irin kukan manya mai fita da ƙyar. Kamal ya tsaya sororo da baki buɗe, ya rasa inda zai sa kansa. Ba wanda ya ce masa ya fita. Da kansa ya sulale, ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Rahmat ta fito ta durƙusa a gefen Inna.

"Inna... kin ji?"

"Tun ranar bakwai na ji, 'yar nan. Terseer bai ɓoye min komai ba."

Baba ya ɗago a firgice.

"Kin sani? Duk shekarun nan?"

"Na sani, Alhaji. Na dafa maka, na wanke maka, na yi jinyarka. Kullum in ka tsine wa yaron mutane ina jinka, in ce yau dai zai faɗa. Yau dai zai faɗa." Ta bushe shinkafar, ta ajiye faifan. "Ban san shi ne ke zuwa zance gidana ba. Da na sani da ban bari ta kai yau ba."

Ta dubi Mahir, idonta ya cika.

"Tashi daga durƙuson nan, ɗana. Ka sakar masa wasa don ka faranta masa. Ni dai na gode da ya yi dariya a ranarsa ta ƙarshe."

Mahir ya kifa goshi a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza.

Baba ya share fuska da hannun riga.

"Rantsuwar da na yi, a kan ƙarya na yi ta. Zan yi kaffara. Mahiru, ka ce wa manyanka su zo goben. In har kana iya haɗa jini da mutum irina, na ba ka Rahmat."

"Baba..."

"Kai za ka yafe min, ba ni ba."

Rahmat ta kalli Mahir, shi ma ya kalle ta ta cikin hawaye.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Mutanen Adogi suka cika mota uku da doya da kiɗa, matan Keana suka zo da gishirin amarya a ƙwarya. Duk wanda ya ga Rahmat ranar ya ce ta yi kyau kamar a sace ta.

Amma kafin a fita da ita, ta je sallama ɗakin Inna, sai ta tarar da Baba tsaye a bakin ƙofa. Tun ranar Juma'ar nan Inna ba ta sake ce masa komai ba bayan gaisuwa.

"Sabuwa," ya ce a hankali, "yau ranar farin ciki ce. Ko albarkacinta... ki ce kin yafe min."

Inna ta ci gaba da gyara wa amarya lulluɓi, ta ɗaure mata shi tsaf a haɓa, ta tofa mata addu'a a ka. Sannan ta juyo ta dube shi, ba fushi a fuskarta.

"Zan yafe, Alhaji, in Allah ya yarda. Amma ba yau ba. Shekara goma sha shida na jira ka. Kai ma ka ɗan jira ni."

Ta kama hannun 'yarta, suka wuce ta gefensa.